Tambaya da Amsa: Wilin Gwanjo na Wata Mota a Kan Tsohuwar BMW Z3

TAMBAYA

  Ina da tsohuwar mota BMW Z3, ƙirar 1998, mai injin 2.8. A hannun wani dattijo na saye ta, na kuma daɗe ina tattalinta. A daminar bana na faɗa rami da dare, wili biyu na gefen dama suka lanƙwashe, ɗaya har ya tsage. Na nemi irin nata na rasa. A kasuwar kayan gyara wani mai kayan Beljiyam ya nuna mini wili huɗu masu kyau, inci 17, ya ce na BMW jeri na 5 ne, wadda ake kira E39, kuma ƙafar BMW duk ɗaya ce. Aka gwada, noti biyar suka shiga, na biya.

Tun daga ranar, in na kai gudun kilomita 90 zuwa 100 sai sitiyari ya kama rawa. An yi balansin sau biyu, bai daina ba. In na sha kwana ko na hau tudu ina jin taya na gogar jikin mota. Makanikina ya ce a ajiye su, yana da na Marsandi da za a ɗan fafe ramukansu su shiga. Malam, hankalina ya tashi. Shin na riga na lalata motar? Ƙafa za ta iya cirewa ina cikin tafiya? Nakan kai ɗana makaranta a cikinta. Yaya zan yi da waɗannan da na saya, kuma wane iri zan nema?

Auwalu, daga Kano

AMSA

 Malam Auwalu, sannu da wannan ɗawainiya. Allah ya tsare gaba, ya raya mana yaron.

In na fahimce ka da kyau, ka ɗaura wa motarka wilin wata BMW da ba jinsinta ba, noti sun shiga lafiya, amma sitiyari na rawa kuma taya na gogar madigadi. Kana tsoron ko ka yi wa motar illar da ba ta gyaruwa, kana kuma tsoron abin da zai iya faruwa a kan hanya da yaro a gefenka. Wannan tsoro na biyu shi na fi ji a wasiƙarka, don haka da shi zan fara.

Ka kwantar da hankalinka. Alamomi biyun da ka zayyana sanannu ne, dalilinsu a fili yake, kuma galibi suna gushewa ranar da aka ɗaura wilin da ya dace. 'Yan makonni na tafiya a cikin gari ba sa kashe mota irin wannan. Muddin notin asali na BMW ne a jiki, biyar ɗin sun cika, an kuma ɗaure su sosai, da wuya ƙwarai ƙafa ta fita haka kwatsam ba tare da ta yi gargaɗi ba. Abin da kake ji yanzu shi ne gargaɗin, kuma ka kyauta da ka saurare shi.

Amma ba zan ce ka ci gaba a haka ba. Kafin a gyara, kada ka hau babbar hanya, kada ka wuce kilomita 60, ka sa a duba ɗaurin noti yau ɗin nan. Yaron kuma ka nema masa wata hanyar zuwa makaranta na ɗan lokaci. Taya da ke gogar ƙarfe tana iya yankewa ta gefe, gefen taya kuwa ba ya ɗaukar faci.

Shawarar wilin Marsandi ita nake so ka dakatar tun kafin ka gama karanta wannan amsa. Zan zo kan dalili.

Mai kayan da ya sayar maka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, rabin gaskiya ya sani. Tsofaffin BMW masu noti biyar tsarin ramukansu ɗaya ne: ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 120, abin da ake rubutawa 5x120. Shi ya sa noti suka shiga. Sai dai wannan awo ɗaya ne daga cikin abubuwa huɗu da dole su yi daidai kafin a ce wili ya zauna. Sauran ukun su ne faɗin ramin tsakiya, da zurfin da wilin ke shigewa cikin mota, da siffar mazaunin noti. Naka ya ci na farko da na huɗu, ya faɗi biyun tsakiya, kuma kowanne da irin kukan da yake sa mota.

Mu ɗauki rawar sitiyari. In ka cire wili ka dubi hob, wato kan ƙafar da wilin ke jingina a kai, za ka ga wani gajeren wuya ya turo a tsakiya. Wannan wuyan shi ke shiga ramin tsakiyar wili ya daidaita shi, ya zama tsakiyar wili da tsakiyar ƙafa sun haɗu cif. A motarka faɗin wuyan milimita 72.6 ne. Haka yake a mafi yawan BMW na wancan zamani. E39 ce ta fita daban, ramin tsakiyar wilinta milimita 74.1 ne. Bambancin milimita ɗaya da rabi ke nan.

Kada ka raina wannan ɗan gibi. Motocin Japan da muka saba da su suna da ƙusoshi kafaffu a jikin hob, a rataya wili a kansu sannan a ɗaura noti. BMW ba ta da su. Notinta ne da kansa ke ratsa wili ya shige cikin hob, don haka lokacin ɗaurawa babu abin da ke riƙe wilin sai wuyan nan. In ramin ya fi wuyan faɗi, wilin zai sauka ƙasa ya rataya, a ɗaure shi a haka, tsakiyarsa ta kauce. Ƙafar da tsakiyarta ta kauce da ƙasa da milimita ɗaya ma, a gudun kilomita 100 tana zagayawa kamar sau 14 a kowace daƙiƙa, kuma kowane zagaye sai ya taɓo hannunka. Injin balansin ba zai ga laifin ba, domin shi yana kama wilin ta tsakiyarsa daidai. A kan inji wilin lafiya lau yake, a kan motarka ne ya karkace. Ko sau goma aka yi balansin, labarin ba zai canza ba.

Da a nan matsalar ta tsaya, da maganinta mai sauƙi ne. Akwai wani siririn zobe da ake yi musamman don wannan, bayansa 74.1, cikinsa 72.6, a sa shi ya cike gibin. Ana yin sa da roba mai tauri ko alminiyam, kuma yana aiki.

Gogar madigadi ita ce ba ta da irin wannan magani, kuma a nan nake so ka ba ni hankalinka sosai. Juya kowane wili ka dubi bayansa, za ka ga rubutu kamar haka: 7Jx16 ET46. A na BMW wani lokaci IS ake rubutawa maimakon ET, ma'anar ɗaya ce. Lamba 7 faɗin wilin ne a inci, 16 girmansa. Lambar da ke bin ET kuwa tana gaya maka nisan da ke tsakanin tsakiyar faɗin wilin da fuskar da ke manne da hob, a milimita. In lambar babba ce, wilin na shigewa ciki. In ƙarama ce, yana turowa waje.

Wilin inci 16 da motarka ta fito da shi faɗinsa inci 7 ne, ET46. Na E39 mai inci 17 da aka fi samu faɗinsa inci 8 ne, ET20. Ka duba naka, ina kyautata zaton abin da za ka gani ke nan. Bambancin ET kaɗai ya turo wilin waje da milimita 26. Ƙarin faɗin inci ɗaya ya rabu biyu, rabi ciki rabi waje, ya ƙara kusan milimita 13. Jimla bakin wilin na waje ya fito da kusan milimita 39 fiye da inda aka tsara masa, wato kaurin yatsu biyu. A baya wataƙila ya ɓuya, domin Z3 mai silinda shida tana da faffaɗan ƙugu. A gaba babu wurin, kuma ƙafar gaba ba a tsaye take ba, tana juyawa hagu da dama tana kuma hawa da sauka. Da ka sha kwana ko ka hau tudu, sai taya ta tarar da leɓen madigadi.

Ba gogar kaɗai ba ce illar. Ka tuna yadda bokitin ruwa ke da sauƙin ɗauka in yana kusa da jikinka, da yadda kafaɗa ke ciwo in ka miƙa hannu da shi. Haka boris ɗin ƙafa ke ji in an tura nauyin mota waje da inda aka auna masa. Zai ɗauka, amma zai tsufa da wuri. Sitiyari ma halinsa na canzawa: yana bin kowane tsagi na kwalta, rami na fizge shi daga hannu, in ka taka birki a wurin da gefe ɗaya yashi ne gefe ɗaya kwalta sai motar ta ja gefe. Ita kuwa Z3 duk daɗinta a sitiyari yake. Wanda ya ɓata wannan ya ɓata abin da ya sa ya sayi motar.

Za ka ji ana maganar faifan tazara da ake sawa tsakanin hob da wili. Shi ƙara turo wili waje yake yi, kai kuwa ciki kake so ya koma. Hanyar da ta rage ita ce a kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su rage kaurin bayan wilin, kuma milimita 26 ba abin da za a sassaƙe ba ne. Naman da noti ke kamawa ke nan. Wasu masu ado da mota a Turai da Amurka sukan tilasta irin wannan wili, su ɗaura siririyar taya, su naɗe leɓen madigadi, su karkatar da ƙafa. Motocin nuni ne a kan hanya mai santsi. Ba na ba ka shawarar ka bari a sa guduma a jikin motar da ta haura shekara ashirin da biyar da ƙarfenta na asali don wilin da ba nata ba. Wili ana sake shi kullum, madigadin Z3 kuwa ka san wahalar samunsa.

Yanzu ga batun Marsandi. Tsarin ramukanta 5x112 ne, naka 5x120. Ramin tsakiyarta milimita 66.6 ne, bai ma kai faɗin wuyan hob ɗinka ba, don haka shi ma sai an fafe. Sannan mazaunin notinta zagayayye ne kamar rabin ƙwallo, na BMW kuwa mai gangare ne, kusurwa 60. In an ja kowane rami gefe da milimita huɗu, mazaunin ya lalace, noti zai kama ta gefe ɗaya kawai. Yana iya jin ɗauri a hannun makaniki, amma da tafiya ta yi tafiya alminiyam zai lotse a inda ya taɓa, ɗaurin ya saki, noti ya fara lanƙwasa da kowane zagaye har ya karye. Ƙafar da kake tsoron ta cire, ta wannan hanya take cirewa. Ba na zargin makanikinka da mugun nufi, taimakonka yake so ya yi da abin da ke hannunsa. Ka gode masa, ka ce a'a.

Wannan gargaɗi ya shafi duk mai karatu, ko wace mota yake ja. Toyota da Honda da Nissan masu noti biyar mafi yawansu 5x114.3 ne, kuma tsakaninsa da 5x112 na Marsandi da Audi tazarar ƙarama ce har ido ba ya gani. A nan aka fi yin kuskure, domin noti na iya shiga da ɗan dole. Ga hanyar ganewa da ma'auni: auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar ramin da ke kusa da shi. In 5x120 ne za ka samu milimita 70 da rabi, in 5x114.3 ne 67 da ɗan ɗoriya, in 5x112 ne kusan 66. Akwai kuma motocin da ke da 5x120 amma ba su yi maka ba, irin su Honda Pilot daga 2009 da Acura MDX ta 2007 zuwa 2013, waɗanda wilinsu ke da yawa a kasuwanninmu. Ramin tsakiyarsu 64.1 ne, ba zai hau wuyan hob ɗinka ba. Sababbin BMW ma, kamar jeri na 3 daga 2019, sun koma 5x112.

To wane iri za ka nema? Nan labari mai daɗi yake. An ƙera Z3 a yankin Spartanburg na Amurka tsakanin 1995 da 2002, kuma a kan ginshiƙin jeri na 3 mai suna E36 aka gina ta. Saboda haka danginta a jeri na 3 suke, kuma su ne suka fi yawa a wurin masu kayan Beljiyam, daga Ƙofar Ruwa a nan Kano zuwa Panteka a Kaduna, Apo a Abuja da Ladipo a Legas. Wilin E36 mai inci 16, faɗi 7, ET46, daidai yake da naka. Na E46 da ta biyo bayanta, inci 16, faɗi 7, ET47, bambancinsa milimita ɗaya ne, babu wanda zai ji shi. Na Z4 ta farko mai wannan awo shi ma haka. Dukkansu ramin tsakiya 72.6 ne, kuma notinka na yanzu zai yi. In an nemi ra'ayina, na E46 zan ce, domin ya fi sauƙin samu kuma shekarunsa ba su kai na E36 ba.

Na jeri na 3 mai suna E90 mai inci 16 ET ɗinsa na wajen 31 zuwa 34, yana turowa da kamar milimita 12 zuwa 15. Yakan zauna, amma sai an gwada. Na jeri na 5 da na 7 na wancan zamani, E34 da E38, ramin tsakiyarsu ya yi daidai, sai dai ET ɗinsu na kusa da 20, matsalar gogar za ta dawo. Ko wilin bayan Z3 M, wanda kowa zai rantse na motarka ne, faɗinsa inci 9 ne da ET8, an yi shi ne don ƙafar baya ta daban. Suna a jikin mota ba ya wadatarwa, lambar bayan wili ake karantawa.

Na san inci 17 ya fi kyau a ido, kuma kamfanin da kansa ya fitar da Z3 da shi: faɗi 7.5 a gaba, 8.5 a baya, duk ET41, da taya 225/45 a gaba da 245/40 a baya. In ka samu wannan saiti lafiyayye, babu laifi. Amma ka tuna abin da ya kawo ka nan. Tayar asali ta inci 16, wato 225/50, tsayin gefenta milimita 112 ne. Ta inci 17 kusan 101, ta inci 18 kuwa 90. Wannan gefen shi ne ke shanye duka kafin ya kai ga ƙarfe. Ramin da ya lanƙwasa maka inci 16 zai fi yi wa 17 ɓarna. A hanyoyinmu, musamman bayan damina, ni dai 16 na fi yarda da shi. Ko wanne ka zaɓa, tsayin ƙafar gaba ɗaya, wili da taya, ya tsaya kusa da milimita 630 kamar na asali. In ya yi nisa da haka maleji zai yi maka ƙarya, na'urar hana birki kullewa da ta hana ƙafa sulɓi su ma lissafinsu zai rikice, domin gudun ƙafafu huɗun suke kwatantawa.

Sai duba lafiyar wilin kansa, tunda na hannu ne kuma ba ka san ramukan da ya faɗa ba kafin ya iso gare ka. Kada ka sayi wili da taya a jikinsa ba tare da an cire ba. A wanke shi, ka duba cikinsa da rana, musamman bakin ciki, wanda shi ne ya fi rauni domin ba shi da abin da ya tokare shi. Ka duba gindin kowane hannu da kewayen ramukan noti. Sabon fenti a wuri ɗaya, ko tabon walda da aka goge, ko wurin da launi ya ƙone, duk alama ce an taɓa shi. Wilin alminiyam da wuta aka gasa shi a masana'anta har ya samu ƙarfinsa, in aka sake hura masa wutar gas don a miƙe shi, wurin yakan yi laushi ko da ya yi kyau a ido. Wannan ya shafi naka biyun da suka lanƙwashe. Wanda ya tsage ka haƙura da shi. Ɗayan, in lanƙwasar ƙarama ce a baki, mai injin miƙa wili zai iya dubawa.

Ka roƙi mai kayan ya bari a kai wa mai balansin a juya kowanne a kan inji ba taya, ka tsaya ka kalli bakinsa. In idonka ya ga yana lilo ko yana hawa da sauka, ajiye shi. Na asali za ka ga tambarin BMW a zube a bayansa tare da lambar kaya da awonsa, sau da yawa har da sunan kamfanin da ya yi shi, kamar BBS ko Ronal. Akwai kwaikwayo da yawa masu sheƙi da sauƙin kuɗi da babu ko ɗaya daga cikin wannan. Araha ba ta ado, balle a ƙafar mota. Huɗun kuma su zama awo ɗaya, ko biyu-biyu yadda kamfani ya tsara, domin ana haɗa saiti daga motoci daban-daban masu zane iri ɗaya amma ET ya bambanta.

Tayar da ta zo a jikin wilin gwanjo kada ka ɗauke ta kyauta ce. A gefenta, ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, mako na 23 ne na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana jan kunne kan tsofaffin tayoyi, kuma da gaskiyarta. Tayar da ta shekara da shekaru a ƙasar sanyi, ta zo ta haɗu da kwaltar Kano a watan Afrilu, ba abin dogaro ba ce ko da zanenta bai cinye ba.

Ranar gwaji ka je da motar, kada ka aika. A kankare tsatsar fuskar hob, a ɗora wilin ba noti. Ya kamata ya shige wuyan ya zauna daram, ka girgiza shi sama da ƙasa ka ji ba ya motsi. A sa noti da hannu tukuna, ka ƙirga zagayen: kada ya gaza shida da rabi, in ya kai takwas ya fi. Notin da ya yi gajarta ba ya riƙewa, wanda ya yi tsawo kuma a ƙafar baya yana iya taɓo kayan birkin hannu da ke cikin faifan birki. A juya ƙafar a sama a tabbata ba ta taɓa birki. A sauke motar, a murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, ka zura hannu ka ji tazarar da ke tsakanin taya da shokozoba. Sannan ka shafa alli a kafaɗar tayoyin, ka ɗauki mutum ɗaya, ku bi hanya mai tudu da kwana. Inda allin ya goge, nan ake taɓawa.

A ɗaure noti a tsallake-tsallake, ba bi da bi ba, kuma ba a shafa musu giris. In akwai sifana mai awo, ɗaurin na tsakanin Nm 100 da 120, littafin motarka zai faɗa maka daidai. Kada ka bari yaron shago ya sa bututu a wilsifana ya hau kai da ƙafa, wannan yana miƙar da noti. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bi a ɗaure.

Na koma kan tambayarka ta ko ka lalata motar, domin na san ita ke hana ka barci. Akwai abin da ya kamata ka sani: ramin da ya iya lanƙwasa wili biyu a dare ɗaya ya iya taɓa abin da ke bayansu. Mai yiwuwa wani kaso na rawar da kake ji tun daga ramin ne, ba daga sabon wilin ba. Don haka in an ɗaga motar, a kama ƙafa sama da ƙasa a girgiza, in ta yi motsi boris ne ko mahaɗin ƙasa. A kama hagu da dama, in ta yi motsi a duba tayarod. A duba bushin hannun ƙafar gaba, domin a wannan jinsi na BMW sukan gaji, kuma alamarsu ita ce rawar sitiyari lokacin taka birki. A dubi gefen tayoyin da suka yi goga, in yankan ya kai ga zare a canza. Inda fenti ya kankare a leɓen madigadi a shafe shi kafin tsatsa ta kama. Daga ƙarshe a yi alaimen. Duk waɗannan kayan da ake canzawa ne, babu wanda zai raba ka da motarka.

Kuɗinka ma bai nutse ba. Masu E39 ba su da zaɓi da yawa, domin wilin sauran BMW mai rami 72.6 ba ya shiga wuyan hob ɗinsu mai 74.1. Saiti huɗu lafiyayye na inci 17 abin nema ne a wurinsu. Ka koma wa mai kayan cikin mutunci, ka nuna masa lambobin da ke bayan wilin da na motarka, ka nemi musanya da na E46 ko E36. Yawancinsu sukan yarda in kayan bai lalace ba, ko da za a yi ɗan ciko. In ya ƙi, ka sa makanikai masu gyaran BMW su yi maka cigiyar mai saye.

Kafin ka fita kasuwa, Malam Auwalu, rubuta wannan a takarda ka sa a aljihu: 5x120, rami 72.6, faɗi 7, inci 16, ET tsakanin 41 da 47. Wilin da bai cika waɗannan ba ka bar shi, komai kyansa. In an ɗaura kuma an yi alaimen amma rawar ba ta daina ba, ka sake rubuto mini, ka gaya mini a wane gudu take farawa da ko taka birki na ƙara ta. Allah ya kiyaye hanya, a gaida yaron.